Tayar baya na ƙara idan na rage giya: yaya ake tsayar da babban babur?

Tambaya: Na shekara goma sha ɗaya ina hawan Boxer. Bana Allah ya hore mini na sayi Yamaha R6 ƙirar 2004, na hannu. Matsalata ita ce tsayawa. Idan na taho a guje na fara rage giya don ya sassauta, sai tayar baya ta yi ƙara, bayan babur ɗin ya riƙa wutsil-wutsil. Birkin hannu kuma tsoronsa nake ji, don tun muna yara ake ce mana shi ke kifar da mutum. Yaya ake yi?

Amsa: Allah ya sanya alheri, ɗan'uwa, ya kuma tsare hanya. Abin da ka bayyana ba ciwon babur ba ne, kada ka ɓata kuɗinka wurin bakanike a kansa. Hannunka da ƙafarka ne ke yin aikin da suka saba yi a kan Boxer, alhali abin da ke ƙarƙashinka ya canza. Kusan duk wanda na koya wa hawan babban babur bayan ya daɗe a kan ƙarami, da wannan matsalar yake zuwa, ni ma da ita na fara.

Birki ne ke rage gudu. Giya ba don tsayawa ake rage ta ba, ana rage ta ne domin idan ka gama birki ka tarar da injin a giyar da ta dace da sabon gudunka, kana murɗa totur ya amsa. Kai kuwa ka juya lamarin, ka ɗora wa giya aikin birki, ka bar birkin yana zaman kashe wando. Boxer yana yafe wannan, domin injinsa bai kai ƙarfin doki 10 ba, birkin gabansa kuma irin wanda waya ke ja ne, ko ka damƙe shi ba ya yin abin a zo a gani. R6 ya haura doki 100, giyarsa ta ɗaya kaɗai tana wuce kilomita 100 a awa. Ka tsuguna ka dubi tayar gabansa: faranti biyu ne, kowanne kusan milimita 300. Ka zagaya baya: guda ɗaya ne ƙarami, milimita 220. Ko daga girman farantan nan ka san inda masu ƙera shi suka ce a nemi tsayawa.

Ka taɓa lura da mahaya ranar hawan sallah, in sun taho jahi a sukwane suka ja linzami gaban sarki? Dokin a kan ƙafafun baya yake zama. Babur akasin haka yake yi. Da zarar gudu ya fara raguwa, nauyinka da nasa duk gaba suke zubowa, shokozobar gaba ta nutse, tayar gaba ta danne kwalta ta ɗan baje, kamunta ya ƙaru. Ta baya kuwa sai ta yi sakayau. A tsayawa ta yau da kullum ana lissafa wa gaba kusan kashi 70 cikin 100 na aikin. A tsayawa mai ƙarfi da babur irin naka, a busasshiyar kwalta, kusan duka aikin na gaba ne, domin tayar baya har ɗagawa take yi daga ƙasa. To ka ga inda gizo ke saƙar: lokacin da tayar baya ta fi rashin nauyi, lokacin ne kake dankara mata ƙaramar giya, wataƙila ma kana taka mata birki a kai.

Maganar da aka faɗa mana muna yara tana da ƙamshin gaskiya, sai dai an yanke mata rabi. Birkin gaba yana kayar da wanda ya fisge shi. Idan ka damƙe shi gaba ɗaya a lokaci guda, ƙarfin birkin ya riga nauyin isa tayar, sai ta kulle ba ta riga ta kama ƙasa ba, ta zame, kafin ka ƙifta ido kana kwance. Shi ya sa ake matsa shi hawa-hawa. Ka saki totur ya koma gaba ɗaya. Ka ɗora yatsu biyu, manuniya da ta tsakiya, sauran kuma suna riƙe da totur. Ka fara da ɗan taɓawa, daidai abin da zai sa ka ji kan babur ya fara nutsewa. Wannan bai wuce rabin daƙiƙa ba. Da ka ji ya zauna, sai ka ci gaba da matsawa kana ƙarawa, kamar mai tatsar saniya, ba kamar mai cafke ɓarawo ba. Za ka yi mamakin irin matsar da tayar za ta ɗauka idan an ba ta nauyi tukuna. Da ka kusa tsayawa kuma sai ka riƙa sassautawa a hankali, don kada kan babur ya zabura ya dawo sama. In har ka ji gaba ta kulle, wato kan babur ya yi sakwaf kamar ba ya taka komai, saki nan take, ka sake matsawa daga farko. A nan babu jira ko kaɗan.

Jikinka ma yana cikin birkin. Ka matse tanki da cinyoyinka, su ne za su riƙe nauyinka. Hannaye a sake, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Wanda ya sandare hannaye ya dogara da kan babur ba zai ji abin da tayar gaba ke gaya masa ba, kuma ba zai iya wasa da totur ba, abin da za mu zo kansa. Ido kuma a sama, wurin da kake so ka bi. Mutum inda yake kallo nan yake zuwa. Idan ka ƙura wa bayan motar ido, bayan motar za ka samu.

Ba na ce ka yi watsi da birkin ƙafa ba. A farkon tsayawa, kafin nauyi ya gama komawa gaba, ɗan taka shi yana kwantar da babur. A cunkoso, wurin juyawa a ƙaramin fili, a kan yashi, ko da goyo a baya, shi ne abokin tafiya. Mick Doohan, ɗan Ostareliya da ya ci gasar duniya ta babura masu cc 500 sau biyar a jere daga 1994 zuwa 1998, ya yi mummunar karaya a ƙafar dama a Assen ta ƙasar Holan a 1992. Da ƙafar ta kasa taka birki, sai aka ƙera masa na babban yatsa a kan babur. Da birkin baya ba shi da amfani, da ba a sha wannan wahalar ba. Abin da ake gudu shi ne ƙafar da ta saba da Boxer, wadda ke take shi da ƙarfin tsiya. Idan tayar baya ta kulle, bayan ya karkace gefe sosai, sannan ka saki kwatsam, tayar kan cafki kwalta a lokaci guda ta cilla mahayi sama ta kan babur. Wannan faɗuwar ta fi kowace muni. Maganinta kada a kai ga kullewar tun farko: tafin ƙafa a kan mataki, yatsun ƙafa kawai ke dannawa, kuma gwargwadon yadda kake ƙara na gaba, gwargwadon yadda kake rage na baya.

Yanzu ƙarar da ka ji. Kowace giya tana da juyin injin da ya dace da ita a kowane gudu. A ce kana giya ta huɗu, allurar injin na kan juyi 6,000 a minti. A wannan gudun, giya ta uku tana bukatar kusan 7,000. Idan ka kama kuloci ka saki totur, juyin injin sauka yake yi, ba hawa ba. Ka taka giya, ka saki kuloci da sauri: yanzu tayar baya ce za ta ja injin ta sarƙa har ta kai shi 7,000. Inji mai silinda huɗu ba ya jawuwa da sauƙi, tayar kuma ba nauyi a kanta, sai ta gaza, ta ja ƙasa, ta yi tsalle. Ƙarar ke nan, wutsil-wutsil ɗin ke nan. Daga ta biyu zuwa ta ɗaya tazarar ta fi ko'ina faɗi, shi ya sa a nan abin ya fi muni, kuma shi ya sa ba na shiga giya ta ɗaya sai babur ya kusa tsayawa. Wanda ya zubar da giya biyu ko uku a kamun kuloci guda yana cikin gudu kuwa, ban da zamewa, yana iya tilasta wa injin wuce jan layi, wato iyakar juyin da zai iya ɗauka. Na'urar da ke hana injin wuce iyaka tana aiki ne idan totur ne ya kai shi can. Idan taya ce ta ja shi, ba ruwanta, bawul ne zai gaya maka.

Gyaran farko ba ya bukatar wata gwaninta: birki tukuna, giya daga baya. Ka bari gudu ya sauka, allura ta faɗo ƙasa, sannan ka rage. Giya ɗaya a kowane kamu, ka saki kuloci tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Kuma sakin ya zama a hankali, musamman daidai wurin da kuloci ke fara kamawa. Ka ɗan tsaya a nan, ka bar shi ya goga, ya ɗaga juyin injin da lalama. Da wannan kaɗai ƙarar za ta ɓace, kuma akwai mahaya da yawa da suka tsufa a kan babur ba su wuce nan ba, lafiya lau.

Gyara na biyu shi ne ba injin ɗan totur a tsakiyar canjin, don ya je ya tari sabuwar giyar. Ga yadda yake a hannu. Yatsun ƙafar hagu na kan sandar giya, a shirye. Ka kama kuloci, ba sai ya taɓo hannu ba, rabi ya isa. A daidai lokacin ka ɗan fizgi totur ka sake shi, "wum", gajere, ba murɗawa mai tsawo ba. Kana cikin "wum" ɗin ƙafa ta danna, hannun hagu ya saki. Duka abin bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kusan motsi guda ne. Babur ɗin da kansa zai ba ka maki. Idan ya zabura gaba, totur ya yi yawa ko ka riƙe shi ya daɗe. Idan ya dunguri kai, bai isa ba, ko ka yi jinkirin sakin kuloci har juyin ya sake sauka. Idan ka dace, ba za ka ji komai a jikinka ba sai muryar injin da ta canza. Ka fara koyon wannan ba tare da birki ba sam, a miƙaƙƙen titi mara mutane, daga ta biyar zuwa ta huɗu zuwa ta uku, inda tazarar ba ta da yawa.

Haɗa shi da birki ne wurin da ake shan wuya, ba zan ɓoye maka ba. Hannun dama na aiki biyu: yatsu biyu na matsa birki, babban yatsa da tafin hannu na fizgar totur. Abin da ke faruwa da kowane sabon shiga shi ne duk lokacin da ya fizgi totur sai yatsun su ja birki tare, kan babur ya riƙa sunkuyawa yana ɗagowa kamar ƙadangare. Dabarar ita ce ka bar yatsun su ɗan zame a kan sandar birkin yayin da tafin hannu ke juyawa, matsar kuma ta tsaya yadda take. Ni sai da na yi makonni kafin ya zauna mini. Idan ka ga yana ɓata maka birki, ka bar shi ka koma sakin kuloci a hankali. Birki mai kyau ba tare da "wum" ba ya fi "wum" mai daɗin ji da birki mai rawa.

Wataƙila ka ga abokai suna zubar da giya yadda suka ga dama ba abin da ya same su. Ka dubi shekarar baburansu. Yamaha ta sa wa R6 kulocin da ke sulɓewa da kansa idan taya ta matsa wa inji a ƙirar 2006. Birkin da ke hana taya kullewa, wato ABS, sai a ƙirar 2017 ya zo wa R6, duk da cewa BMW ta fara sa shi a babur tun 1988 a K100, kuma Tarayyar Turai ta fara wajabta shi ga sababbin babura da suka haura cc 125 daga 2016. Wasu sababbin ma su ke ba kansu totur idan an taka giya. Naka ba shi da ko ɗaya daga ciki. Hannunka ne ABS ɗinka. A ganina wannan ba asara ba ce ga mai son ya iya, sai dai babur ne da ba ya rufa wa mai shi asiri.

Akwai wani tarko da ya shafe ka kai tsaye. A Boxer, ƙasa kake takawa don ƙara giya. A R6, ɗaya ce a ƙasa, firi na tsakaninta da ta biyu, sauran har ta shida duk sama ake ɗagawa. Ma'ana, motsin da ƙafarka ta shekara goma sha ɗaya tana yi don ƙara giya, a nan rage ta yake yi. Ranar da ka buɗe wuta, injin na kuka, ƙafa ta yi abin da ta saba, ka san sauran. Idan har yanzu kana hawa su biyun, ka riƙa yin minti biyar na farko a hankali duk lokacin da ka sauya.

A tsayawar gaggawa kuwa, yaro ya faɗo titi ko A Daidaita Sahu ya yanko ba sigina, ka manta da duk maganar totur. Miƙe babur, saki totur, matsa gaba hawa-hawa amma da sauri, ɗan taka baya, kama kuloci. Giya sai a ƙarshe, ka tattaka ta zuwa ta ɗaya kuloci na kame, don in na bayanka bai tsaya ba ka samu abin gudu. Ga lissafin da ya kamata ya zauna maka a kai. A kilomita 100 a awa kana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Gwani, a kwalta mai kyau da taya mai kyau, yana bukatar kusan mita 40 daga taɓa birki zuwa tsayawa. Ka ƙara daƙiƙa guda ta gani da yanke shawara, ka doshi mita 70. A kilomita 50, birkin kusan mita 10 ne. Gudu ya ninka biyu, nisan birki ya ninka huɗu. Babban babur kuma ba ya gaya maka ka kai 100, don a wurinsa tafiyar hawainiya ce.

Shan kwana a taƙaice: ka gama birki da rage giya babur na miƙe, sannan ka kwantar da shi. Kamun taya mudu guda ne, abin da kwana ta ɗiba birki ba zai samu ba. 'Yan tsere suna shiga kwana da sauran birki a hannu, suna sassauta shi gwargwadon kwanciyarsu. Dabara ce ta gaskiya, amma ba ta wannan watan ba ce a gare ka. Idan dole ta sa ka rage gudu a tsakiyar kwana, taɓawa mai laushi, ka kuma sani babur zai nemi miƙewa ya buɗe. Giya kam kada ka taɓa ta a nan.

Duk alkaluman can na kwalta mai tsabta ne, tamu kuwa ka san halinta. Yashin da ke taruwa a bakin shatale-tale, baƙin man da manyan motoci ke ɗigarwa, ruwan farko na damina da ke taso da maiƙon da ya kwanta tun rani. Faɗuwata ta farko da babban babur ba a guje aka yi ta ba. Ban kai kilomita 30 ba, zan shiga wani gidan mai, kan babur a karye, ga ɗan yashi a bakin shiga da ban gani ba, na taɓa birkin gaba. Abin da na tuna kawai shi ne ƙarar roba a kan kwalta da mai sayar da rake yana ce mini sannu. Tun daga ranar, in na ga yashi, kafin na hau shi nake gama birki, a kansa kuma a miƙe nake wucewa. Wani abu kuma da masu tsayawa da giya ke mantawa: rage giya ba ya kunna jar fitilar baya. Direban da ke bin ka bai san kana sassautawa ba. Ko don shi ka riƙa taɓa birki.

Tunda babur ɗinka na hannu ne, kafin ka fara gwaji ka duba abu uku. Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa kusan 155, kuma in ya tafasa sandar birki sai ta taɓo hannu ba ta kama komai ba. Idan ka ga ya yi baƙi kamar shayi, ko ba ka san ranar da aka zuba shi ba, a juye shi. DOT 4 za ka nema, kada a haɗa maka da DOT 5, ba jinsi ɗaya ba ne. Sai fad ɗin birki, ka leƙa da tocila ka ga abin da ya rage. Sai taya: a gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar da ta haura shekara biyar zuwa shida, ko zanenta na nan raɗau, robar ta fara bushewa. Iska kuma da ma'auni ake duba ta taya na sanyi, ba da bugun ƙafa ba, adadin na rubuce a jikin babur.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu fili mai kwalta da ba kowa, da sassafe, da hular kwano da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu. Ka ajiye robar ruwa a matsayin alama. Ka taho a kilomita 30, giya ta biyu, kana isa alamar ka yi birki, ka ajiye dutse inda ka tsaya. Ka maimaita sau goma, kana ɗan ƙara matsawa kowane zuwa, ka ga yadda dutsen ke matsowa kusa da robar. Idan 30 ta zauna, ka koma 40, sannan 50, ba a rana ɗaya ba. Sai tsayawar ta daina ba ka faɗuwar gaba sannan ka shigo da giya: ka taho a ta uku, birki, ka rage zuwa ta biyu da sakin kuloci a hankali, ka saki birki ka wuce ba tare da ka tsaya ba. Goyo kuma ka haƙura da shi tukuna, ko da uwargida ce ta matsa, har sai dutsen ya daina canza wuri.